Daga wasiƙar fursuna zuwa "za a rufe BVN ɗinka"

1/ Jama'a, saƙon nan na "za a rufe asusunka cikin awa 24" ba yau ya fara ba. Kakansa ya girmi intanet da sama da shekara 150. Ku biyo ni 🧵

2/ Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, fursunoni sun riƙa rubuta wa masu hali wasiƙa: wai ni baran wani basarake ne, na binne akwatin zinarensa, aiko ɗan kuɗi in faɗa maka wurin. Vidocq, ɓarawon da ya koma ɗan sanda, ya tona dabarar a littafin tarihin rayuwarsa.

3/ Dabarar ta shigo Najeriya da ƙarfinta a shekarun 1980, bayan faɗuwar farashin mai, ta gidan waya da fas. Sunan 419 daga sashe na 419 na kundin Criminal Code ya fito. Abin mamaki, a Kudu wannan kundin ke aiki, mu a Arewa Penal Code ne, amma sunan ya bi kowa.

4/ Tsakanin 1995 da 1998, Emmanuel Nwude ya yi sojan gona a matsayin gwamnan CBN, ya "sayar" wa wani jami'in bankin Noroeste na Brazil kwangilar filin jirgin sama a Abuja da babu shi. Dala miliyan 242 fa! EFCC ta gurfanar da shi, aka ɗaure shi a 2005.

5/ Duk waɗannan da kwaɗayi suka kama mutane. Salon ya sauya ne a Amurka wajajen 1995. Wasu suka riƙa shiga AOL da sunan ma'aikatan kamfanin, suna cewa asusunka ya samu matsala, turo kalmar sirri. A nan aka raɗa wa abin suna phishing, wato kamun kifi. Koton da ke ƙugiyar ya koma tsoro.

6/ Kuma wallahi ba sai jahili ba. A Maris 2016 imel na bogi mai kama da na Google ya ce wa John Podesta, shugaban kamfen ɗin Hillary Clinton, ya canza kalmar sirrinsa. Aka danna, dubban saƙonninsa suka fita duniya.

7/ Alamomin dai ba su canza ba tun zamanin wasiƙa: ana gaggauta ka, an ce kada ka gaya wa kowa, kuma kai za ka fara bayarwa, ko kuɗi, ko PIN, ko OTP.

8/ Banki ba ya tambayar PIN ko OTP. Kada ka danna link ɗin. Duba adireshin mai aikowa harafi bayan harafi. In hankalinka bai kwanta ba, kira lambar da ke bayan katin ATM ɗinka, ko ka taka zuwa banki.

9/ A karanta wa su Baba da Inna, don su ma ana kiransu.