Mutanen Kuman: daga zuwan mishan a 1933 zuwa rigimar maita ta yau

Yau za mu yi nisa, har can tsibirin Papuwa Niyu Gini da ke arewa da Ostiraliya, wajen wasu mutane da ake ce ma Kuman. Suna zaune a jihar Simbu, tsakiyar duwatsu, babban garinsu Kundiawa. A gefen ƙasarsu dutsen Wilhelm yake, mai tsawon mita 4,509, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar.

Abin mamaki a tarihinsu shi ne, har shekarun 1930 Turawan da ke mulkin bakin teku sun ɗauka tsakiyar tsibirin duwatsu ne kawai da kurmi, babu jama'a. A 1933 ne wasu ƴan'uwa masu neman zinariya, Mick Leahy da Dan Leahy, tare da jami'in gwamnatin Ostiraliya Jim Taylor, suka ratsa yankin, suka tarar da kwaruruka cike maƙil da mutane, gonaki a shirye tsaf. Dankali ne abincinsu, alade kuma shi ne dukiya: da shi ake biyan kuɗin aure, da shi ake biyan diyya, da shi ake sulhu bayan yaƙi. Maza na kwana a ɗakinsu na daban, mata da yara a nasu. Bayan wasu shekaru dangi kan yi babban bikin yanka aladu da yawa a raba wa wasu dangogi, ana neman albarkar kakanni da suka mutu.

Ƴan mishan ba su yi jinkiri ba. Fada Alphonse Schaefer na Katolika ya shigo a 1933, aka kafa tashar Mingende a 1934, kuma a shekarar Wilhelm Bergmann na Lutheran ya zauna a Ega, kusa da Kundiawa. Farkon bai zo da sauƙi ba. A watan Disamba na 1934 aka kashe Fada Karl Morschheuser da kibiya, a farkon 1935 kuma aka harbi ɗan'uwa Eugene Frank, shi ma ya rasu. Daga nan gwamnati ta taƙaita shigar Turawa yankin, ta tsaurara tsaro.

Sai dai bayan yaƙin duniya na biyu abin ya juya. Lakwal ta zo, asibiti ya zo, noman kafe ya kawo kuɗi a shekarun 1950, kuma kafin ƙasar ta samu ƴancin kai ranar 16 ga Satumba 1975, mafi yawan Kuman sun riga sun zama Kirista. Katolika da Lutheran ne manya, daga baya ƴan Adventist da cocin Pentikostal suka shigo. A 1982 Kundiawa ta samu nata bishop.

To, a nan ne maganar ta yi nauyi. Baftisma ta shiga kowane ƙauye, amma tsoron da ake kira kumo yana nan daram. Kumo dai kusan abin da mu ke kira maita ne: an yarda wani abu na zaune cikin jikin mutum, ya fita da siffar ƙaramar dabba ya cinye wani. Idan saurayi ko wani mai faɗa a ji ya mutu kwatsam, tambayar da ake yi a wurin makoki ita ce wa ya ci shi. Kuma wa ake nunawa? Galibi tsohuwa, ko matar da mijinta ya mutu, ko wadda aka auro daga nesa ba ta da ƴan'uwa maza da za su tare mata. A azabtar da ita, a kore ta daga gonarta, wani lokacin a kashe ta. Masu yin haka sau da yawa ƴan coci guda ne da ita.

Doka ma ta daɗe tana rura wutar, don dokar maita ta 1971 ta ɗauki sihiri a matsayin laifi da kotu za ta saurara. Sai a 2013 majalisa ta soke ta, bayan an ƙona wata matashiya da ranta a bainar jama'a a garin Mount Hagen, yamma da Simbu.

A ganinmu, abin da cocin Katolika na Kundiawa ya ɓullo da shi ya fi soke dokar amfani. Da zarar an yi mutuwa, fada ko malamin coci ya isa gidan makoki da wuri, kafin a fara raɗe-raɗi. A yi wa dangi bayanin cutar da ta yi ajali kamar yadda likita ya gani, a yi addu'a, a zauna da su har a yi jana'iza. Wanda kuma ya tsaya kan zargin wani da kumo, ana dakatar da shi daga karɓar jibin Ubangiji har sai ya janye maganarsa. Dabarar ba ta isa ko'ina ba, don ƙauyuka da yawa sai an yi tafiyar ƙafa a kan dutse kafin a kai gare su, kuma zargi kan riga fada isowa.