Wuraren hutawar masu jinya a asibiti

Duk lokacin da aka kwantar da mutum a asibiti, akan bar wani a gefen gadonsa wanda sunansa ba ya cikin katin likita. Uwa ce, ko mata, ko ɗa, ko ƙanwa. Shi ne mai jinya.

Aikinsa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Turai da Amurka galibi zama ne da jira da sauraron bayanin likita. A yawancin asibitocin gwamnati na Najeriya da Nijar kuwa, mai jinya ne ke bin layin biyan kuɗi, da sayo magani, da neman wanda zai ba da jini, da ciyar da majinyaci, da wanke masa tufafi. Idan dare ya yi sai ya shimfiɗa tabarma a gefen gado ko a baranda.

Jinya aiki ne mai daraja a Musulunci. Sayyidina Usman bin Affan bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta 2 bayan Hijira, saboda Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya tsaya jinyar matarsa Ruƙayya, kuma aka ba shi rabo irin na wanda ya halarta.

Sai dai abin da ba a cika tambaya ba shi ne: ina mai jinya zai je ya zauna na minti goma ko ashirin, inda babu ƙara, babu warin magani, kuma babu mai tambayarsa ya mai jiki?

Abin da bincike ya nuna

An daɗe ana ɗaukar wannan tambaya a matsayin ƙaramin al'amari, har sai da likitoci suka fara auna halin da dangin majinyata ke shiga.

A shekarar 2001 wasu likitoci a Faransa sun wallafa sakamakon binciken da suka yi a sassa 43 na kula da marasa lafiyar da ke cikin mawuyacin hali. Sun gano cewa kimanin kashi 69 cikin 100 na dangin da suka tambaya suna da alamun fargaba mai tsanani, yayin da kashi 35 cikin 100 ke da alamun ciwon damuwa.

Wani abin lura a binciken shi ne, har tsarin ginin asibiti ya shigo cikin lissafi. Inda babu ɗakin jira, ko babu ɗakin da aka keɓe domin ganawar likita da dangi, an fi samun waɗannan alamu.

Wani binciken da aka wallafa a 2005, shi ma a Faransa, ya bi sawun mutum 284 kwanaki 90 bayan an sallami ɗan'uwansu daga irin wannan sashe ko kuma ya rasu. Kusan ɗaya cikin uku na ɗauke da alamun firgici irin wanda kan biyo bayan mummunan tashin hankali.

Muhimmancin wannan bai tsaya ga mai jinya kaɗai ba. Shi ne zai saurari likita ya riƙe bayanin, shi ne zai tuna lokacin magani, kuma sau da dama shi ne zai sa hannu a takardar amincewa da tiyata. Mutumin da ya kwana uku bai runtsa ba ana sa ran ya yanke hukunci mafi nauyi a rayuwarsa.

Ga kuma batun ƙara. A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara a ɗakunan kwanciya ta wuce desibel 30, wato kamar ƙarfin raɗa. Amma masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka sun bayar da rahoto a 2005 cewa matsakaicin ƙarar asibitoci da rana ya tashi daga desibel 57 a 1960 zuwa 72, da dare kuma daga 42 zuwa 60. Na'urori masu ƙara, da wayoyi, da kekunan tura marasa lafiya, da maganar jama'a, duk sun taru.

Masallaci da ɗakin ibada

Wurin da ya fi daɗewa yana biyan wannan bukata shi ne wurin ibada. Da wuya a sami babban asibiti a arewacin Najeriya da ba shi da masallaci, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san cewa tsakanin hantsi da azahar, ko bayan an watse daga sallar isha'i, nan ne wurin da ya fi ko'ina shiru. Ruwan alwala da ɗan zama bayan sallama kan yi wa mutum abin da kujerar baranda ba za ta yi ba.

Amma amfaninsa bai kai ga kowa daidai ba. Mata ne suka fi yawa cikin masu jinya, musamman a ɗakunan yara da na haihuwa, alhali sashensu a masallaci kan kasance ƙarami, wani lokaci ma babu shi. Da yawansu a gefen gado suke sallah, kunne ɗaya na wajen majinyaci.

A Birtaniya, inda asibitoci suka gaji ƙananan majami'u a cikin gine-ginensu, Ma'aikatar Lafiya ta fitar da ƙa'idoji a 2003 kan biyan bukatun addini na majinyata da ma'aikata daga kowane addini. A yau manyan asibitocin ƙasar da dama suna da ɗakin ibada na kowa da kowa ko na Musulmi, wasu da alamar alƙibla da wurin alwala, wasu har da limamin da asibiti ke biya. Ga wanda ya raka ɗan'uwansa neman magani a can, tambayar ma'aikatan jinya inda ɗakin yake ba abin kunya ba ne. Wanda ba ibada ta kai shi ba ma ana barinsa ya zauna.

Lambu da tsakar gida

Sanya itatuwa da ruwa a tsakiyar asibiti ba sabon tunani ba ne. Asibitocin daulolin Musulunci, waɗanda ake kira bimaristan, akan gina su ne kewaye da tsakar gida mai tafkin ruwa. Haka yake a wanda Nuruddin Zangi ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, da kuma na Argun al-Kamili a birnin Halab na shekarar 1354. A Edirne ta ƙasar Turkiyya, asibitin da Sarki Bayazid na Biyu ya kammala a 1488 ya yi suna wajen amfani da sautin ruwa da kiɗa domin kwantar da hankalin marasa lafiya.

Asibitocin ƙarni na 20 sun yi watsi da mafi yawan wannan. Aka koma dogayen benaye da na'urar sanyaya ɗaki, fili kuma ya zama wurin ajiye motoci.

Mutumin da aka fi dangantawa da dawo da maganar shi ne Roger Ulrich, wanda ya wallafa wani ɗan gajeren bincike a mujallar Science a 1984. Ya duba bayanan majinyata 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibiti da ke jihar Pennsylvania tsakanin 1972 da 1981. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon itatuwa, rabi kuma bangon bulo. Masu kallon itatuwa sun yi kusan kwana takwas bayan tiyata, masu kallon bango kuwa kusan kwana tara, kuma na farkon sun fi ƙarancin bukatar maganin rage zafi mai ƙarfi.

Adadin mutanen kaɗan ne, kuma majinyata aka duba ba masu jinya ba. Amma binciken ya buɗe ƙofa. A 2020 Ulrich da abokan aikinsa sun wallafa wani, wannan karon a kan dangin marasa lafiya masu tsanani a wani asibiti da ke birnin Portland na Amurka. An kwatanta hutun da suka yi a lambun asibitin da wanda suka yi a ɗakunan cikin gini. Duka biyun sun rage musu nauyin zuciya, sai dai lambun ya fi rage baƙin ciki.

Akwai asibitocin da aka gina gaba ɗaya a kan wannan tunani. Asibitin Khoo Teck Puat da aka buɗe a Singafo a 2010 yana gefen wani tafki ne, da tsirrai a tsakiyarsa da barandoji, da kuma lambun kayan miya a kan rufi wanda 'yan sa kai ke nomawa.

A ƙasar Hausa inuwar darbejiya ce ke wannan aiki, ba tare da wani ya tsara ba. A ƙarƙashinta ake cin abinci, ake kiran waya gida, ake kuka a ɓoye. Abin takaici, idan asibiti zai faɗaɗa, itatuwan ne kan fara tafiya.

Cibiyoyin Maggie's

Misali mafi shahara na wurin da aka gina domin hutun zuciya kawai ya samo asali ne daga wata mata mai suna Maggie Keswick Jencks, mai tsara lambuna, wadda ta rubuta littafi a kan lambunan ƙasar Sin.

A watan Mayun 1993 aka shaida mata a wani asibiti a Scotland cewa sankarar mama da aka yi mata magani a baya ta dawo, kuma watanni biyu zuwa uku suka rage mata. Daga nan aka bukaci ita da mijinta, Charles Jencks, su koma wani lungu marar taga su zauna, saboda akwai wasu majinyatan a layi.

Ta rayu fiye da yadda aka yi hasashe, kuma ta yi amfani da lokacin wajen tsara irin wurin da ta so a ce ta samu a ranar, tare da mijinta da ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ita, Laura Lee. Ta rasu a watan Yulin 1995. A Nuwamban 1996 aka buɗe cibiya ta farko a wata tsohuwar bargar dawaki da ke harabar asibitin Western General a birnin Edinburgh.

Tsarin yana da sauƙi. Ginin na harabar asibiti amma a ware yake. Babu teburin karɓar baƙi, babu kayan sarki, ba a bukatar alƙawari ko takardar likita, kuma ba a biyan ko sisi. A tsakiya akwai ɗakin girki da babban tebur inda mutum zai haɗa wa kansa shayi. Wanda ke son magana zai sami ƙwararre, wanda ke son shiru akwai ƙananan ɗakuna masu kallon lambu. Kuma ƙofa a buɗe take ga iyali da abokai, ba ga mai cutar kaɗai ba.

Manyan masu zanen gine-gine sun shiga aikin. Frank Gehry ya zana cibiyar Dundee da aka buɗe a 2003, sannan Zaha Hadid, haifaffiyar Bagadaza, ta zana ta Kirkcaldy a 2006. Cibiyar yammacin Landan ta lashe kyautar Stirling, mafi girma a fannin gine-gine a Birtaniya, a 2009. Yanzu akwai cibiyoyi fiye da 20 a ƙasar, da wasu a Hong Kong da Tokyo da Barcelona, kuma da gudummawar jama'a ake tafiyar da su.

Wurin kwana

Hutun minti ashirin daban, barci daban. A birnin Philadelphia, likitar sankarar yara Audrey Evans ta lura da yadda iyayen da suka zo daga nesa ke kwana a kujerun asibiti. Tare da ɗan wasan ƙwallon Amurka Fred Hill, wanda 'yarsa ke fama da sankarar jini, da kuɗin da shagunan McDonald's suka tara, aka buɗe gidan Ronald McDonald na farko a watan Oktoban 1974. Irin waɗannan gidaje sun haura 300 a duniya, ko da yake akwai masu sukar alaƙarsu da kamfanin sayar da abinci mai maiƙo.

A Afirka, Malawi na daga cikin ƙasashen da suka amince a aikace cewa mai jinya wani ɓangare ne na asibiti. Asibitoci da dama a can suna da rumfa ko ɗaki da aka gina domin dangin majinyata su yi girki su kwana, duk da cewa sukan cika maƙil.

Yadda ake fita ba tare da fargaba ba

Abin da ya fi hana mai jinya tashi ba rashin wuri ba ne kawai. Tsoro ne kada wani abu ya faru ba ya nan, ko kada a ce ya gaji da ɗan'uwansa.

Ma'aikatan jinya kan ba da shawarar a sanar da su kafin a fita, a bar lambar waya, kuma a zaɓi wurin da za a iya dawowa daga gare shi cikin 'yan mintoci. Lokacin zagayen likitoci, wanda galibi da safe ne, ba lokacin fita ba ne, domin a nan ake yanke shawara kan magani da sallama. Bayan an ba da magani majinyaci ya sami barci, nan ne dama.

Iyalan da suka tsara karɓa-karɓa tun ranar farko sun fi jurewa idan jinya ta yi tsawo. Haka kuma ɗora wa mutum ɗaya a gida alhakin sanar da dangi halin da ake ciki kan rage wa mai jinya amsa waya dare da rana.

Masu zuwa dubiya ma suna da rawar takawa. Kowane ayari da ya shigo, mai jinya ne zai tashi ya tarbe shi, ya maimaita labarin ciwon tun daga farko, ya kuma raka shi bakin ƙofa. A ranar da jama'a suka yi yawa, lokacin ziyara kan fi kowane lokaci gajiyar da shi. Cikin baƙin da suka zo, wanda majinyaci ya saba da shi zai iya zama a kujerar gefen gado na rabin sa'a, mai jinya ya je ya yi wanka, ya ci abinci a zaune, ya yi sallah a masallaci.