Fagen jifa a wasan kurket

Fagen jifa shi ne zirin ƙasa da ke tsakiyar filin kurket, inda mai jifa ke jefa ƙwallo ta daki ƙasa kafin ta isa ga mai bugu. Tsawonsa yadi 22 ne (mita 20.12), faɗinsa ƙafa 10 (mita 3.05). A kowane ƙarshe ana kafa turaku uku masu tsayin inci 28, waɗanda ake kira wiket, su ne mai bugu ke karewa. Ɗan ƙaramin yanki ne idan aka kwatanta da faɗin filin, amma shi ke tsara yadda wasa zai kasance, domin kusan kowace jifa sai ta taɓa shi. Shi ya sa kyaftin ɗin kowace ƙungiya ke zuwa ya duba fagen kafin a jefa kwabo don zaɓen wanda zai fara bugu.

Abin da ake nema

Mai bugu da mai jifa ba abu ɗaya suke so ba. Mai bugu yana son fage mai tauri, sumul, wanda ƙwallo ke tashi daga kansa daidai tsayin da ya zata. Mai jifa da gudu yana son ɗanyar ciyawa da ɗan danshi, saboda ɗinkin da ke jikin ƙwallon ya kama ƙasa ta kauce hagu ko dama. Mai murɗa ƙwallo da yatsu ko da wuyan hannu kuwa busasshen fage mai ƙura ya fi so, inda ƙwallon ke cizon ƙasa ta juya.

Fage mai kyau shi ne wanda ya ba kowannensu rabonsa. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne tashin ƙwallo ya zama bai ɗaya. Idan aka jefa ƙwallo biyu a wuri guda, ɗaya ta tashi zuwa ƙirji ɗaya ta bi ƙasa, gwaninta ba ta da amfani, kuma akwai haɗari, tun da masu jifa da gudu kan kai kilomita 140 a awa.

Ƙasa, ruwa da daɓe

Asalin fage yumɓu ne. Ana shuka ciyawa a kai don saiwoyinta su riƙe ƙasar, a jiƙa ta da ruwa har ya ratsa ciki, sannan a riƙa bin ta da rola mai nauyi na kwanaki yayin da take bushewa a hankali. Aikin ya yi kama da daɓen ɗaki na gargajiya: idan ƙasa ta jiƙe da yawa sai ta caɓe, idan ta bushe kafin a gama bugu ba za ta kama ba. Daga ƙarshe a aske ciyawar ta rage 'yan milimita kaɗan.

Irin yumɓun yana da tasiri ƙwarai. Ƙasar Ostireliya tana da yumɓu mai yawa, tana bushewa kamar dutse, shi ya sa filin WACA na birnin Perth ya yi suna wajen gudu da tashin ƙwallo. A Ingila yumɓun bai kai haka ba, ga danshi, don haka masu jifa da ɗinki ke cin kasuwarsu. A Indiya ana amfani da jar ƙasa da baƙar ƙasa. Jar, irin ta filin Wankhede na Mumbai, tana saurin marmashewa, abin da ke taimakon masu murɗawa.

Yadda fage ke tsufa

A wasan Tes na kwana biyar ba a zuba wa fage ruwa da zarar an fara. Dokar wasa ta yarda a bi shi da rola na minti bakwai kawai kafin kowane zagayen bugu da kafin wasan kowace rana. Saboda haka fagen yana canzawa. Ranar farko masu gudu ne ke morarsa, rana ta biyu da ta uku ya lafa wa masu bugu, daga ta huɗu kuma ya fara tsagewa, sawun takalman masu jifa ya zama kwari, masu murɗawa su karɓi ragama. Masana da yawa na ganin wannan tsufan shi ne daɗin doguwar kurket.

Idan fage ya lalace

Fage kan lalace ta fuska biyu. A Colombo a 1997 Sri Lanka ta tara maki 952 a kan Indiya a fagen da bai taimaki mai jifa da komai ba, aka cinye kwana biyar ba wanda ya yi nasara. A Janairun 1998 kuma, a filin Sabina Park na Jamaika, aka dakatar da wasan West Indies da Ingila bayan oba 10 da jifa ɗaya kacal (oba ɗaya jifa shida ce), domin ƙwallo na ta dukan 'yan wasan Ingila a yatsu da jiki. A Cape Town a Janairun 2024 Indiya ta doke Afirka ta Kudu cikin jifa 642, wasan Tes mafi gajarta da aka taɓa samun mai nasara. Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, tana ba kowane fagen wasan ƙasa da ƙasa daraja, kuma filin da ya yawaita samun mummunan sakamako ana iya hana shi karɓar wasa na wani lokaci.

A Najeriya

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo kurket, kuma tun 1904 Legas ta kara da Gold Coast, wato Ghana ta yau. A Arewa wasan ya shiga ta makarantu, musamman Kwalejin Katsina, inda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya buga shi yana ɗalibi. Najeriya ta zama mamba a ICC a 2002, kuma a 2025 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya. Manyan wasanni ana yin su ne a filin dandalin Tafawa Balewa da ke Legas da kuma Abuja.

Fagen ciyawa yana da wuyar riƙo a yankin da damina ba ta wuce wata huɗu ko biyar ba. A kudancin Jihar Sakkwato, kamar Tambuwal da Kebbe, ƙasar tudu yawanci jigawa ce, rairayinta ba ya kama daɓe, ƙwallo kuma mutuwa take yi a kansa. Lakar fadama ta fi kusa da abin da ake buƙata, sai dai iskar hunturu da zafin Maris zuwa Mayu, da kan haura digiri 40, suna busar da ita da sauri har ta dare, in ba ana ba ta ruwa kullum ba. Makarantar da ke son fara wasan a irin wannan wuri hanyar da ta fi sauƙi ita ce a zuba daɓen siminti a shimfiɗa tabarmar igiyar kwakwa ko kafet na roba a kai. Ba sabon abu ba ne: har wasannin Tes an yi a kan tabarma a Afirka ta Kudu da Pakistan a ƙarni na 20. Irin wannan fage tashinsa bai ɗaya ne, ba ya cutar da mai koyo, amma ba ya tsufa, don haka yaron da ya tashi a kansa sai ya sake koyon karanta ƙasa ranar da ya fara taka na ciyawa.