Yadda Lokaci Ya Koma Cikin Ilimin Mantiƙi

A shekarar 1847 George Boole ya nuna a Ingila cewa ana iya lissafa gaskiya da ƙarya kamar yadda ake lissafa lambobi, sannan a 1879 Gottlob Frege ya kafa wa wannan tafarki ginshiƙi a Jamus. Mantiƙin da ya fito daga wannan makaranta mai ƙarfi ne ƙwarai, sai dai ya sami ƙarfin ne ta hanyar ajiye lokaci a gefe. A wurin Frege, zance ko dai gaskiya ne har abada ko ƙarya ne har abada, don haka wanda ya ce "ana ruwa" bai kammala magana ba sai ya ambaci gari da rana da sa'a. Magabata ba haka suka ɗauka ba. Aristotal ya yarda cewa zancen "wane yana zaune" gaskiya ne muddin yana zaunen, da ya miƙe kuwa zancen ya zama ƙarya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bambanta hukuncin da ke dawwama da wanda ke tabbata a ƙayyadadden lokaci, kamar husufin wata.

Wanda ya dawo da wannan gado shi ne Arthur Prior, haifaffen garin Masterton a ƙasar Niyu Zilan a 1914. A ƙuruciyarsa ya nutsa cikin tauhidin Kirista, kuma tambayar da ta hana shi sakat ita ce wadda malaman addinai suka daɗe suna gwabzawa a kanta: in abin da zai faru gobe ya riga ya zama gaskiya tun yau, ina zaɓin ɗan Adam? A 1953, yana koyarwa a Christchurch, ya ci karo da wani ɗan sharhi da malaminsa John Findlay ya rubuta a gindin shafi, wanda ke nuni da cewa "da" da "yanzu" da "nan gaba" suna da dokokin da za a iya tsarawa. Prior ya kama wannan zare bai sake shi ba.

Abin da ya ƙara wa tsohon mantiƙi kaɗan ne a ido: alamomi huɗu da ake ɗorawa a gaban zance. P na nufin ya taɓa kasancewa, F zai kasance, H ya kasance ko da yaushe a baya, G kuma zai kasance ko da yaushe nan gaba. Da su aka iya rubuta doka irin wannan: in ana ruwa yanzu, to har abada zai zama gaskiya cewa an taɓa ruwa. A ganina nan ne darajar aikin take, domin zance ya sami damar sauya hali daga gaskiya zuwa ƙarya ba tare da lissafin ya rushe ba. Ya gabatar da tsarin a laccocin John Locke a Oxford tsakanin 1955 da 1956, aka buga su a 1957 da sunan Time and Modality.

Ranar 3 ga Satumba 1958 wani matashi ɗan shekara 17 daga Omaha ta Amurka, Saul Kripke, ya rubuto masa wasiƙa yana ba da shawarar a ɗauki lokaci kamar bishiya: abin da ya wuce gangar jiki ce guda, abin da ke tafe kuwa rassa ne masu yawa. Wannan ya ba Prior hanyar rubuta tambayarsa ta ƙaddara da alamomi. A 1968 Hans Kamp ya ƙara wa tsarin alamomin "tun" da "har sai". Prior ya rasu a Trondheim ta ƙasar Nowe ranar 6 ga Oktoba 1969, aikinsa bai wuce hannun masana falsafa ba.

Shekara takwas bayan rasuwarsa, a 1977, Amir Pnueli na Jami'ar Tel Aviv ya lura cewa manhajojin da ba su da ranar tsayawa suna buƙatar wannan harshe na Prior. Na'urar hawa bene misali ce: tilas ƙofarta kada ta taɓa buɗewa tana cikin tafiya, kuma duk wanda ya danna maɓalli tilas ta iso gare shi komai daɗewa. Sharaɗi na farko G ne, na biyu kuwa G ne haɗe da F. A farkon shekarun 1980 Edmund Clarke da Allen Emerson a Amurka, da Joseph Sifakis tare da Jean-Pierre Queille a Faransa, suka samar da hanyar da kwamfuta za ta binciki irin waɗannan sharuɗɗa da kanta. Da kuskuren raba lambobi ya bayyana a ƙwaƙwalwar Pentium a 1994, ya jawo wa kamfanin Intel asarar dala miliyan 475, masu ƙera na'urori suka ƙara rungumar binciken lissafi kafin su fitar da kaya kasuwa. An ba Pnueli lambar yabo ta Turing a 1996, Clarke da Emerson da Sifakis kuma suka karɓi tasu ta shekarar 2007.