Daren Jariri da Agogon Likita

Akwai wata magana da ta shigo gidajen 'yan boko ta hanyar littattafan renon yara, har ta fara zama kamar hukuncin likita da ba a ja da shi. Cewa ake yi yaron da ya kai wata shida ya isa ya kwana har asuba bai farka ba, in kuwa har yanzu yana tashin uwarsa sau biyu sau uku, to an sangarta shi ne, maganinsa kuma a kwantar da shi shi kaɗai a bar shi ya yi kukansa har barci ya ɗauke shi. Uwar da ta ji haka tana da goyon wata takwas sai ta shiga zargin kanta. Ni a ganina wannan ƙa'ida al'ada ce kamar kowace al'ada, tana da garin da aka haife ta da mutanen da suka raine ta, kuma shekarunta ba su kai 150 ba. Wanda ya san dalilin da ya haifar da ita shi zai iya sanin inda take da amfani da inda ba ta da hurumi.

Turawan da suka fito da ita su ma ba haka kakanninsu suka kwana ba. Har cikin ƙarni na 18 talakan Turai da jaririnsa shimfiɗa ɗaya suke kwana, abin da hukumomin coci suka daɗe suna faɗa a kai shi ne tsoron kada uwa ta danne ɗa cikin barci, har a birnin Fulorans na Italiya aka riƙa tilasta wa masu shayar da 'ya'yan wasu su kifa wani ɗan keji na katako a kan jariri in za su kwanta da shi. Manya ma ba barci ɗaya suke yi a miƙe ba. Masanin tarihi Roger Ekirch, a littafinsa na 2005 kan daren mutanen da, ya tattaro ɗaruruwan shaidu da ke nuna cewa kafin fitilar titi da ta lantarki mutane barci biyu suke yi, na farko da na biyu, a tsakaninsu a tashi a yi addu'a ko hira ko a duba wuta, ya kuma kawo irin wannan rabon dare a wajen Tibi na Binuwai. A gidan da uba da uwa kan farka tsakar dare don kansu, farkawar jariri ba ta zama cuta ba.

Masaƙa ce ta fara mai da ita cuta. Da mata suka shiga aikin masana'anta a garuruwa irin su Mancesta da Notingam, ƙararrawa ke kiransu da sassafe, sai barcin yaro ya zama abin da ake saya a kanti. Akwai wani ruwan magani mai zaƙi da ake kira Godfrey's Cordial, ofiyom ne a cikinsa, masu reno na ɗura wa 'ya'yan ma'aikata don su yi shiru. A Amurka kuma daga 1849 aka shiga sayar da Mrs. Winslow's Soothing Syrup mai ɗauke da mofin, ana tallarsa ga uwayen yara masu fitar haƙori. Yara da yawa sun yi barcin da ba su tashi ba. Sai a 1906 dokar Amurka ta tilasta a rubuta irin waɗannan sinadarai a jikin kwalba. Ya kamata a yi wa likitocin wancan zamani adalci a nan: sa'ad da suka ce a bar yaro ya yi kuka, abin da suke hamayya da shi a gidaje da yawa kwalbar guba ce.

Wanda ya fi kowa kafa tubalin shi ne Luther Emmett Holt, likitan yara a birnin Niyu Yok, da ɗan littafinsa na tambaya da amsa da ya fito a 1894. Asalinsa darasi ne na horar da 'yan matan da za su yi aikin reno a gidajen masu hali, wato gidajen da ke da ɗakin yara daban da 'yar reno mai albashi. Holt ya tsara lokutan ba da nono da agogo, ya hana jijjiga yaro don ya yi barci, ya ce in yaro na kukan neman a ɗauke shi a ƙyale shi, ko da kukan zai kai awa guda ko fiye a daren farko, don a dare na biyu zai ragu ƙwarai. Dalilinsa ba mugunta ba ce. A lokacin gudawa na kashe jarirai da yawa duk bazara a biranen Amurka, musamman masu shan madarar shanu a bulumboti, likitoci kuma sun ɗauka yawan ciyarwa ba tsari na daga cikin sanadin. Madarar shanu ta fi nonon uwa daɗewa a ciki, don haka tazara mai tsawo ta fi yiwuwa ga mai shan ta. Sai aka ɗauki tsarin da ya dace da ɗan bulumboti a hannun 'yar aiki aka shimfiɗa shi a kan kowane yaro.

Daga nan magana ta ƙara tsauri. A Niyu Zilan, Frederic Truby King, shugaban wani asibitin masu taɓin hankali da ya gwada ciyar da maruƙa bisa tsari a gonar asibitin ya ga mutuwarsu ta ragu, ya kafa ƙungiyar Plunket a 1907, ya koyar da cewa a ba jariri nono duk bayan awa huɗu, da dare kuwa kada a ba shi sam. Koyarwarsa ta ƙetara har Ingila ta zauna daram a asibitocin haihuwa. A 1928 kuma masanin halayyar ɗan Adam John Watson ya gargaɗi iyayen Amurka kan rungumar yara da sumbatarsu, ya ce gaisuwar hannu da safe ta wadatar. Mai kare King zai ce ai sakamako ya nuna, tunda mutuwar jarirai a ƙasarsa ta sauko daga 88 cikin 1000 a 1907 zuwa 32 bayan shekara talatin. Gaskiya ne ta sauko, kuma ma'aikatan jinyar Plunket sun cancanci yabo. Amma abin da suka kai gidaje ba agogo kaɗai ba ne: sun matsa wa uwaye su shayar da nono, sun koyar da tsabtar madara da kwano, suna auna yara suna gano mai ciwo da wuri, kuma a waɗancan shekarun mutuwar jarirai na raguwa a kusan duk ƙasashen Turai saboda ruwa mai tsabta da dafa madara. Babu hujjar da ta ware hana nonon dare ta ce shi ne ya ceci rai. Abin da aka sani daga baya ma akasin haka ne, domin nono gwargwadon tsotsa yake zuwa, uwar da ta daina bayarwa da dare tun da wuri sau da yawa nononta kan ja baya.

Ita kanta kalmar kwana ba farkawa, ma'auninta ya fi yadda ake zato gajarta. Binciken da aka daɗe ana kafa hujja da shi na Moore da Ucko ne a Ingila a 1957, kan jarirai 160, inda suka ce kusan kashi 70 cikin 100 sun daina farkawa a wata uku. To amma dare a lissafinsu daga sha biyu ne zuwa biyar na asuba, awa biyar kacal, kuma da yawa daga yaran sun koma farkawa a watannin baya. Wannan adadi ya yi ta yawo cikin littattafai, awa biyar ɗin ta faɗi a hanya, aka bar uwaye da tsammanin awa goma. Benjamin Spock, wanda littafinsa na 1946 ya sassauta wa iyaye a kan runguma da lokutan nono, a batun dare bai yi nisa da Holt ba. Sai Richard Ferber na asibitin yara na Boston ya zo a 1985 da tsarin da ya fi shahara a yau: a kwantar da yaro idonsa biyu, in ya yi kuka a jira 'yan mintoci a leƙo a lallashe shi da baki ba a ɗauke shi ba, kowane zuwa a ƙara tazara. A cikin bayaninsa akwai abu guda mai daraja da duk mai goyo ya kamata ta sani. Kowane mutum, babba da yaro, yakan ɗan farka sau da yawa tsakanin zagayen barci. Yaron da barci ya ɗauke shi da nono a baki ko a bayan uwa, in ya farka bai tarar da abin da ya kwanta da shi ba, sai ya nema. Wannan bayani daidai ne. Abin da bai biyo baya dole ba shi ne cewa neman nan aibu ne.

Sauran duniya ba ta ɗauke shi aibu ba. Charles Super da Sara Harkness sun lura da jariran Kipsigis a Kenya, waɗanda ke kwana jikin uwa suna tsotsa a duk lokacin da suka so, suka ga har wata takwas barcinsu mafi tsawo bai wuce wajen awa huɗu ba, yaran kuma lafiyarsu ƙalau. Wani bincike na 1992 ya nuna uwayen Maya a Gwatamala sun kaɗu da jin cewa a Amurka jariri na kwana a ɗaki shi kaɗai, abin ya yi musu kama da sakaci. A Kanada ma, inda ake bin koyarwar Turawa, binciken Marie-Hélène Pennestri na 2018 kan yara 388 ya samu kashi 38 cikin 100 na masu wata shida ba sa yin awa shida a jere, a shekara ɗaya kuma kashi 43 ba sa yin awa takwas, bai kuma ga wata illa ga girmansu ko kaifin ƙwaƙwalwarsu ba. A ƙasar Hausa tsarin da muka gada ya ginu ne a kan shayarwa ta kusan shekara biyu, wadda Alƙur'ani ya ambata, da goyo da rana, da kwana a shimfiɗar uwa da dare. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin wannan shayarwa mai tsawo da yadda dangi ke karɓar yara riƙo bayan yaye. A irin wannan gida ba a ware wata rana ta koya wa yaro barci, yaye ne ke raba shi da nonon dare.

Kada wannan ya sa mu ɗauka namu duk tausayi ne nasu duk rashin imani. Yayen da ake ɗauke yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka, ko a shafa wa nono abu mai ɗaci, kuka ne na kwanaki wanda bai gaza na Ferber zafi ba, sai dai ya zo ne lokacin da yaro ya girma kuma akwai hannun da ke rungume da shi yana kukan. Kuma masu cewa horon barci na lalata ƙwaƙwalwar yaro sun wuce abin da hujja ta ba su. A Ostireliya an bi yara 326 daga wata bakwai har suka kai shekara shida, rahoton 2012 bai ga bambanci ba a halayya ko shaƙuwa da uwa tsakanin waɗanda aka yi wa horon da waɗanda ba a yi wa ba, babu cutarwa mai ɗorewa, babu kuma riba mai ɗorewa. Wani gwaji a Kanada a 2015, kan yara 235 masu wata shida zuwa takwas, ya ƙara haske: iyaye sun ce barci ya gyaru kuma su kansu sun samu sauƙi, amma na'urar da aka ɗaura wa yaran ta nuna yawan farkawarsu bai canza ba. Sun dai daina kira ne. Wannan sauƙi na uwa ba ƙaramin abu ba ne, domin rashin barci na watanni na iya jefa mai jego cikin ciwon damuwa. Amma a kira abin da sunansa, magani ne na gajiyar iyaye.

Hujja mafi nauyi a kan kwana da jariri ita ce ta haɗari, kuma ba ta wasa ba ce. Mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta fi yawa a watanni shida na farko, haɗarin kuma na ƙaruwa sosai in an kwana da jariri a kan kujerar kushin, ko a katifa mai lotsawa da tulin filo da bargo, ko tare da mai shan taba, ko wanda ya sha abin da ke sa nauyin barci, ko in jaririn bakwaini ne. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ke cewa ɗaki ɗaya amma shimfiɗa daban, aƙalla wata shida. A lura cewa su ma yanzu ɗaki ɗaya suke cewa. A tuna kuma cewa shawarar kwantar da jariri rub da ciki, wadda Spock ya yaɗa daga ƙarshen shekarun 1950, ita ce aka gano tana kisa, da aka koma kwantarwa a rigingine a Ingila a 1991 da Amurka a 1994 mutuwar ta ragu da fiye da rabi. Wannan darasi namu ne mu ma, haka nan darasin kwalbar Mancesta, domin har yau akwai gidajen da ake ba yaro maganin mura ko na tari don kawai ya yi barci, abin da babu likitan kirki da zai yarda da shi.

Abin da ya haɗa matar masaƙa da mai karanta Ferber shi ne kaɗaici da agogon aiki. Dokar Amurka ta 1993 mako 12 ta ba mai haihuwa, ba albashi, dokar ƙwadago ta Nijeriya ma mako 12 ne. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke zaune a gidan haya a Kaduna ko Yamai, ba uwar miji, ba ƙanwa, ba kakar da za ta karɓi yaro bayan sallar asuba ta ce je ki kwanta, ta fi kusa da matar Boston fiye da kakarta ta Karo. Idan irin wannan uwa ta zaɓi ta rage nonon dare a hankali bayan yaro ya wuce wata shida yana cin abinci yana ƙiba, ta tsayar masa da lokacin kwanciya ɗaya, wanka da rage haske da waƙar reno, ta kwantar da shi yana gyangyaɗi kafin barci ya gama ɗaukarsa, ba ta yi laifi ba. Wadda kuma ta ga juyawa ta ba da nono cikin gidan sauro ta koma barci ya fi mata sauƙi, ɗanta ba shi da wata cuta da ke buƙatar gyara. Abin da littattafan Holt da King suka yi shiru a kansa, al'adarmu ma ba ta cika faɗa ba, shi ne mijin da ke kwance a ɗakinsa yana jin kukan ta bango. Yaron da ya kai wata takwas yana shan kunu, ba kowace farkawa ce ta yunwa ba, wata ɗauka da jijjiga kawai take so, kuma wannan aiki ne da uba zai iya yi daga isha zuwa tsakar dare uwa ta samu awa huɗu a jere.