Daga Toka Zuwa Buhun Leda: Tarihin Ajiyar Wakenmu

Duk wanda ya saba zama a bakin Titin Bauchi bayan kaka, ya san motocin da ke haurowa Jos daga wajajen Bauchi da Gombe shaƙe da buhunan wake. Da shi ake mana ƙosai da alale da wake da shinkafa. Amma kaɗan ne a cikinmu ke tambayar da me aka adana shi kafin ya iso tukunyarmu.

Babban abokin gaban wake shi ne ɗan ƙwaron nan da ke fara saka ƙwai tun wake na gona. Cikin kamar wata guda ƙwan ya zama ƙwaro, shi ma ya sake haihuwa. In aka yi sakaci, kafin bazara buhu ya koma huji da gari.

Kakanninmu sun san wannan. Sukan shanya wake a rana har ya bushe ƙayau, su cakuɗa shi da tankaɗaɗɗiyar toka ko yashi mai laushi, wasu su ƙara barkono, sannan su zuba a tukunya ko rufewa su liƙe bakin da laka. Toka tana cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin, ƙwaro ya rasa hanyar yawo.

Abin ya sauya ne da fatauci ya bunƙasa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, haƙar kuza ta tara dubban leburori a Jos da Bukuru, hatsi ya koma tafiya a buhu. Mai buhu dubu ba zai tsaya tankaɗe toka ba. Da tafiya ta yi tafiya, sai wasu suka koma zuba maganin ƙwari irin su Gamalin, daga baya kuma Sniper, waɗanda ba don abinci aka yi su ba.

Mun ga sakamakon. A 2008, ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Gombe sun kwanta asibiti bayan cin wake mai guba. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, domin samfurin da aka riƙa aunawa ya nuna sinadarin ya zarce ƙa'ida nesa ba kusa ba. Su sun auna sun ƙi karɓa. Mu da ba mu aunawa, mu muka ci gaba da ci.

Mafita kuwa ta fito ne daga tsohuwar dabara. Tun ƙarshen shekarun 1980, masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu a Marwa ta Kamaru suka yi nazarin yadda manoma ke ajiya, har suka fito da buhu mai rufi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. Daga 2007 aka yaɗa shi a Najeriya da Nijar da sunan PICS, ana kuma ƙera shi a Kano. In an ɗaure kowace leda tam, ƙwarin su shaƙe iskar da ta rage, su mutu. Ashe tukunyar kaka ce ta dawo da sabuwar riga. Da tsohuwar zuma ake magani.

Don haka 'yan uwa masu shagunan hatsi, mu busar da wake sosai, mu duba leda kada ta huje, mu ɗora buhu a kan katako nesa da ɓera. Iyayenmu mata da ke sayen mudu biyar ko goma, busasshiyar jarka mai murfi ta wadatar, a cika ta har wuya. In kuma wake yana warin magani a kasuwa, mu bar shi komai arharsa. Abin da muka zuba a buhu yau, 'ya'yanmu ne za su ci shi gobe.