Faifan Ɗanɗano: Yadda Muka Koyi Kwamfuta A Jimeta Da Yola Kafin Intanet Ya Wadata

Kwanakin baya wani daga cikinmu yana kwashe tarkace a tsohon shagonsa na buga takardu a Jimeta, sai ya ci karo da wata jakar faya-fayan CD da ƙura ta rufe. Da ya kawo ta majalisa, manyanmu suka yi ta juya faya-fayan suna dariya, yaranmu kuwa suka ɗauka finafinan Hausa ne. Babu fim ko ɗaya a ciki. Manhajojin kwamfuta ne, ɗaruruwa a faifai guda, irin waɗanda muka dogara da su tun daga tsakiyar shekarun 1990 har zuwa farkon shekarun 2000. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta tarihinsu tun muna iya tunawa.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1982 wani mai suna Andrew Fluegelman ya rubuta manhajar sadarwa da ya kira PC-Talk, ya ce kowa ya kwafa ya ba ɗan uwansa, wanda ya ji daɗinta ya aiko masa da dala 25. A shekarar dai Jim Knopf ya yi haka da PC-File, sai Bob Wallace ya biyo baya a 1983 da PC-Write, shi ne kuma ya yaɗa sunan da aka san tsarin da shi, wato shareware. Mu dai mu kira shi manhajar ɗanɗano, domin daidai yake da abin da mai tsire yake yi: ya yanka maka ɗan kaɗan ka ɗanɗana, in ya yi maka ka saya. Wasu manhajojin cikakku ne amma suna da wa'adi, wasu kuma kashi na farko ake ba ka. Wasan Doom da kamfanin id Software ya fitar a Disambar 1993 haka yake, kashin farko kyauta, sauran sai ka biya dala 40.

Da farko ta layin tarho da kuma faifan fulofi ake yaɗa su. Da faifan CD ya zo, sai wasu kamfanoni suka fara tattara dubbansu wuri guda. Fitacce a ciki shi ne Walnut Creek CDROM da aka kafa a Kalifoniya a 1991, wanda ya riƙa buga rumbun Simtel na manhajojin DOS da na CICA na Windows. Mujallun kwamfuta na Ingila su ma suka riƙa manna faifai a bangonsu duk wata.

Ga lissafin da zai nuna wa yaran yanzu darajar abin. Fulofi ɗaya yana ɗaukar megabait 1.44, CD kuwa 650, wato kusan fulofi 450 ke nan. Ko da mutum ya samu layin tarho mai kyau da modem mai gudun 56k, sauke abin da ke cikin CD guda zai ci kusan awa 36 ba tsayawa. To wa ke da layin da zai yi awa 36 bai yanke ba? Layin waya a gida na 'yan tsiraru ne, wayar salula ta GSM sai a 2001 ta shigo ƙasar, kuma ba rana ɗaya ta iso ko'ina ba. Saboda haka wanda ya riƙe faifai ɗaya a Jimeta, ya riƙe abin da yau za a kira intanet.

Su ma kwamfutocin gwanjo ne mafi yawa, 386 da 486, daga baya Pentium, waɗanda ofisoshin Turai suka gama da su. 'Yan kasuwa kan sayo su a Legas, musamman Ikeja wajen titin Otigba, su haɗo da faya-fayan a motar dare. Wasu faya-fayan kuma malaman Jami'ar Fasaha ta Tarayya, FUTY, da ke hanyar Girei, wadda yanzu ake kira Jami'ar Modibbo Adama, su ke dawowa da su daga karatu ko taro a waje. Daga hannun malami faifai ya faɗa hannun ɗalibi, daga nan shagon buga takardu, kafin mako ya zagayo ya ratsa Karewa da Luggere da Doubeli, ya gangara cikin garin Yola. Bayan an ƙirƙiro jihar Adamawa daga tsohuwar Gongola a 1991, aikin takardu bai taɓa yankewa ba a garin nan: takardar neman aiki, takardun kwangila, kundin kammala karatu na ɗaliban FUTY da FCE da Poli, katin ɗaurin aure. Duk waɗannan a shagunan nan ake buga su, kuma salon haruffa da 'yan zane-zanen furanni da ake ƙawata katin biki da su, daga irin waɗannan faya-fayan aka ciro su.

Sai dai samun faifai daban, sa shi ya yi aiki daban. A nan ne aka sha wuya, a nan ne kuma aka koyi sana'a.

Matsala ta farko, kwamfuta ta ƙi ganin na'urar CD ɗin kwata-kwata. DOS bai san da ita ba sai an gabatar masa. Dole a rubuta layi ɗaya a fayil ɗin CONFIG.SYS mai loda direban na'urar, a rubuta wani a AUTOEXEC.BAT mai kiran MSCDEX, kuma sunan da aka ba na'urar a layukan biyu, galibi MSCD001, ya zo daidai harafi da harafi. Kuskuren harafi ɗaya ya isa ya hana mutum cin abincin rana. Ga shi kayan gwanjo ba sa zuwa da fulofin direbansu. Sauƙi bai samu ba sai da Windows 98 ta zo da fulofin tayar da kwamfuta mai ɗauke da OAKCDROM.SYS, direban da kusan kowace na'ura take karɓa. Duk mai gyaran da ya san kansa yana da wannan fulofin a aljihun gaba, a naɗe cikin leda.

Ta biyu ita ce ta fi ɗaure kai. Kwamfuta mai RAM megabait 8 ko 16 sai ta ce maka babu isasshen wuri don buɗe ɗan ƙaramin wasa. Dalili shi ne manhajojin DOS cikin kilobait 640 na farko suke zama, kuma direban CD da na linzami da na sauti duk nan suke cunkushewa. Maganin shi ne a kwashe su zuwa sama da taimakon HIMEM.SYS da EMM386, ko a bar MEMMAKER da ya zo da DOS 6 a 1993 ya yi aikin. Wasunmu sun haddace layukan nan kamar karatun allo, ba tare da sun san dalilinsu ba sai bayan shekaru.

Akwai ƙananan tarkuna da yawa. Kusan komai a faifan a matse yake cikin ZIP, tsarin da Phil Katz ya fitar a 1989, kuma in ka warware da PKUNZIP ka manta ƙara -d, duk fayilolin sai su zube wuri guda manhajar ta ƙi tashi. Abin da aka kwafo daga CD yakan zo da kullen hana gyara, sai manhaja ta kasa adana komai har sai an cire kullen da ATTRIB. Wata manhajar Windows ta tsaya ta ce sai an kawo mata VBRUN300.DLL, alhali yana nan a wani lungu na faifan. Sauti kuwa sai ka faɗa wa wasa lambobin katin Sound Blaster da kanka, 220 da 5 ko 7 da 1, in ba haka ba shiru kake ji. Abin dariya, da muka samu kwamfutoci masu sauri sai sabuwar cuta ta ɓullo: manhajojin da aka rubuta da Turbo Pascal suna mutuwa da saƙon Runtime error 200 a kan injin da ya wuce gudun megahaz 200 ko kusa da haka, domin wani lissafin jinkiri da ke cikinsu ba ya jure saurin. Mai shago ya biya kuɗi ya sayi Pentium II, ya dawo yana rantsuwa an cuce shi, alhali lafiyar injin ce ta yi yawa.

Sannan ga yanayin garinmu. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan idon na'urar, zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40 yana lanƙwasa faifan da aka manta a gaban mota. Mun koyi goge faifai daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. Mun koyi cewa gefen da ake rubutu a kai ya fi gefen mai ƙyalli rauni, domin bayanan suna dab da shi, ƙarzanar biro ɗaya ta isa. Man goge baki yakan rage ƙarzanar ƙasa, wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ƙarasa faifan. Tsofaffin na'urori ba sa karanta CD-RW, kuma suna wahala da CD-R mai araha. In kuma aka ɗauke wuta ana tsakar lodi, sai a koma farko, in an yi sa'a Windows ɗin ma ba ta tafi ba.

Babbar fargaba ita ce bairos. Faifan da aka buga da cuta a ciki ba ya wankuwa, ko ka gano ta sai dai ka guje wa fayil ɗin. A 1998 wani ɗalibi a Taiwan, Chen Ing-hau, ya rubuta bairos ɗin CIH mai kama Windows 95 da 98, wanda ya tashi ranar 26 ga Afrilun 1999 ya lalata kwamfutoci masu ɗimbin yawa a duniya, yana goge farkon rumbun ajiya, a wasu injinan har da BIOS. Tun daga lokacin wasunmu suka ɗauki al'adar ƙin kunna kwamfuta ranar 26 ga wata, ko su tsallake ranar a agogonta.

Akwai wata magana da ya kamata mu faɗa da bakinmu. Tsarin ɗanɗano a kan amana aka gina shi, kuma mafi yawanmu ba mu biya ba. WinZip kan tuna maka kwanaki nawa ka yi kana amfani da ita, WinRAR ta ba ka kwana 40, Winamp da ta fito a 1997 ta nemi dala 10 kacal. Mu kuwa sai mu danna mu wuce, mai wa'adi mai tsauri kuma mu mayar mata da agogo baya. Muna da uzuri na gaske: babu katin da za a biya dala da shi, aika takardar kuɗi ta gidan waya zuwa Amurka ya fi ƙarfin ɗalibi, PayPal ma sai a 2014 ya buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa. Amma uzurin bai rufe komai ba. Da na'urar buga CD ta yi araha, faya-fayan da ke yawo sun daina zama na ɗanɗano zalla, aka cusa musu cikakkun manhajoji na sayarwa da lambobin buɗe su. Wannan kam sata ce, kuma mun san haka a lokacin. Waɗancan na farko aƙalla masu su ne suka ce a kwafa.

Wani giɓi da babu faifan waje da ya cike mana shi ne haruffanmu. Dubban salon rubutu a CD, amma babu ɓ da ɗ da ƙ na Hausa, balle ƴ da ŋ na Fulfulde. Masu buga takardu kan buga b ko d su ƙara lanƙwasar da biro. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon haruffan Hausa masu lanƙwasa a shekarun 1990, irinsu kuma suka riƙa yawo hannu da hannu a fulofi kamar sauran kayan ɗanɗano.

Kasuwar faifan ta fara ja baya da zuwan shagunan intanet masu tauraron ɗan'adam a farkon shekarun 2000. Jami'ar Amurka ta Nijeriya, wadda aka fi sani da ABTI a lokacin, ta fara karatu a Yola a 2005 da intanet mara waya a harabarta. Filasha ta kori fulofi, modem na layukan salula ya kori kafe, yau kuma kwamfutocin tafi-da-gidanka ko ramin sa CD ba su da shi. Da yawa daga masu gyaran waya da kwamfuta da ke cin abinci a kasuwar Jimeta yanzu, ko dai su ne yaran shagunan nan, ko yaransu ne.

Mun gwada faya-fayan jakar nan a wata tsohuwar kwamfuta. Waɗanda aka buga a masana'anta, masu ruwan azurfa, kusan duk sun buɗe. Waɗanda muka buga da kanmu, masu ruwan kore da shuɗi, da dama sun mutu, domin rinin da ke riƙe bayanan yana lalacewa da zafi da haske. Na masana'antar ko sun ɓata ba a yi asara ba, shafin Internet Archive ya adana irinsu da yawa, kuma duk da Windows mai bit 64 ba ta buɗe manhajojin DOS, DOSBox tana buɗe su. Namu ne babu kwafinsu a ko'ina: kundin ɗalibai, hotunan biki da aka yi wa sikanin, jerin sunayen mambobin ƙungiyoyi, wasiƙu da rubuce-rubucen Hausa da Fulfulde.

Don haka duk mai irin wannan jakar a gida, kada ya zubar, kada kuma ya jira. A nemi na'urar CD mai igiyar USB, a kwafe faifan gaba ɗaya, a ajiye a wuri biyu. Wanda ya ƙi karantuwa a wata na'ura a gwada shi a wata kafin a yanke ƙauna. Fayilolin WordPerfect da na tsohuwar Word, LibreOffice tana buɗe mafi yawansu, na ZIP da ARJ kuma 7-Zip tana warware su. In rubutun Hausa ko Fulfulde ne, a nemo fayil ɗin salon haruffan da aka buga shi da shi a kwafa tare, domin in babu shi, duk inda ɗ ko ƙ take wata alama ce daban za ta fito. Wanda ya rasa na'urar ya yi magana a ƙasan wannan rubutun, akwai guda biyu a hannun 'yan uwa a Jimeta da za a iya ara.